Saƙon da Ya Zo da Sunan Auta

Tun daga kwanar layi Auta ta fara jin hayaniyar. Da mai babur ya sauke ta, sai ta ga titin gaban kamfaninsu ya cika maƙil, maza da mata har da masu goyo, kowa na ɗaga waya sama. Kayan lantarki kamfanin ke sayarwa, firji da fanka da injin markaɗe, ita ce kuma mai kula da talla. Duk imel ɗin da ke zuwa wa masu sayayya da sunanta yake ƙarewa. Amma ita dai ba ta san da wani rangwame yau ba.

A bakin get ta hango yayanta Dogo cikin kakin gadi, aikin da ita ta samo masa, yana ta washe baki yana jera mutane.

"Yawwa, ga mai saƙon da kanta!" in ji shi. "Ban ce muku ƙanwata ce ta rubuta ba? Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma ba ta ƙarya. Ku bi layi, kowa zai samu."

"Wane saƙo, Yaya?"

Wata mata ta cusa mata waya a fuska. Imel ne daga adireshin kamfani, da tambarinsu, da sunanta a ƙasa. Wai yau za a raba fanka kyauta ga waɗanda suka riga zuwa, wanda ya makara kuwa ya kuka da kansa. Wannan jimlar ta ƙarshe tata ce, da ita take rufe kowace talla. Ita ta koya wa mutanen nan gudu in sun ga saƙonta, ga shi kuwa sun gudo.

Ta kutsa ta ƙaramar ƙofa ta haye sama, ta tarar da Manaja yana zagaye ofis da waya a kunne, Injiniya mai kula da kwamfutoci kuma ya duƙufa yana danne-danne, gumi na bin wuyansa.

"Ba ni na aika ba," ta ce. "Sun sace min kalmar sirri ne?"

"Me za su yi da ita?" Injiniya bai ko ɗago ba. "Ƙofa a buɗe take. Duk wanda ya ga dama zai iya rubuta adireshinmu a kan saƙo, ya wuce lafiya lau."

Ta san ƙofar da yake nufi. Kwanakin baya Injiniya ya sa wa imel ɗin kamfani hatimi na ɓoye, ya kuma ba da umarni a mayar da duk saƙon da ya zo da sunansu ba tare da hatimin ba. Sai dai manhajar da Auta ke tura tallarta da ita ba a yi mata rajista ba, saboda haka tallarta ce ta fara dawowa. Gyaran bai wuce ta zauna da shi su haɗa manhajar da hatimin ba. Ina! Auta tana tsakiyar rangwame, ba ta da lokacin zama da mai surutun waya da igiya. Ta sha mur ta tafi wajen Manaja ta ce Injiniya zai kashe musu kasuwa. Manaja ya ce a cire abin na ɗan lokaci. A ofishin nan kuwa, in aka ce na ɗan lokaci, to sai tashin ƙiyama.

Wayoyi suka yi ƙara a ƙasa kusan tare. Ta Manaja ma ta yi, ya karanta. Saƙo na biyu ne, shi ma da sunan Auta. Wai kaya sun kusa ƙarewa, a yi hattara, wasu ma'aikata na fitar wa 'yan'uwansu da fankoki ta baya.

"Yaya!" Abin da ya fito bakinta ke nan.

"Zan kulle ƙofar yanzu kafin na uku ya zo," in ji Injiniya.

Ba ta ma ji shi ba. Ta faɗa kan teburinta, ta rubuta wa kowa cewa ƙarya ne, babu wata kyauta, don Allah a koma gida. Ta danna turawa ta zuba a guje.

Kafin ta kai ƙasa dutse na farko ya fasa gilashin gaba. Layin da Dogo ya jera ya watse, jama'a sun danno get ɗin, ƙarfe yana kuka. Dogo ya koma ciki ya baje hannuwa ya tokare shi da ƙirji, har yanzu yana ba su haƙuri.

"Ai shi ne ɗan'uwan nata!" wani mai jar riga ya yi ihu. "Da bakinsa ya faɗa! Ina ka ɓoye namu?"

"Wallahi ban ga ko fanka ɗaya ba, ku saurara—"

Aka zuro katako ta tsakanin sandunan get ɗin aka kwaɗa masa a baki. Jini ya wanke masa haɓa, ya tofar da haƙori, bai saki get ɗin ba. Auta ta kama sandunan ƙarfen daga ciki tana ihu cewa ƙarya ne, su duba wayoyinsu, ta aiko da gaskiyar magana yanzu. Wasu suka duba. Babu komai.

"Kin ji maƙaryaciya!" in ji matar nan da ta nuna mata waya ɗazu, ta zuro hannu ta fizge mata ɗankwali har da gashi.

Sai get ɗin ya ɓalle. Ya faɗo ciki da Dogo a ƙarƙashinsa, mutane suka bi ta kai. Auta ta ji ƙarar ƙashi duk da wannan ihun. Wani ya bangaje ta ta bugu da bango, goshinta ya tsage. Mutane na wucewa da kwalaye a ka, wasu na dambe a kan injin markaɗe ɗaya, wata tsohuwa ta faɗi ana tattake ta, jariri na tsala kuka a bayan uwarsa. Mai jar rigar nan, da ya ga bai samu komai ba, sai ya dawo ya dinga dukan kan Dogo da ƙafa, ba ji ba gani, har sai da jiniyar 'yan sanda ta kore shi.

Ita da Injiniya da wani direba suka ɗaga ƙarfen. Dogo ya yi jina-jina, ƙirjinsa ya lotsa ta gefe ɗaya. Suka sa shi a bayan motar ɗaukar kaya, ta ɗora kansa a cinyarta. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta, domin mutumin nan shi ya goya ta zuwa makaranta.

A hanya ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Auta, ke kika aiko, ko?"

"Ba ni ba ce, Yaya."

"To ai sunanki na gani." Ya yi tari, jini ya biyo. "Ni kuma na ce musu ba kya ƙarya."

"Na rubuta musu gaskiya, wallahi na rubuta. Yi shiru, mun kusa."

Ya yi shirun. Direba na ta danna hon, ita kuma tana riƙe da hannunsa tana jin yadda yake saki a hankali, har ya sake gaba ɗaya tun ba su ga ƙofar asibiti ba.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta ciro ta da hannun da ke da jininsa. Saƙonta na gaskiya ne ya dawo, ko mutum ɗaya bai samu ba. Injiniya ya kulle ƙofar kamar yadda ya faɗa, manhajarta kuwa har yau ba ta da rajista. A ƙasa an rubuta dalili: ba a tabbatar daga wajenta saƙon ya fito ba.