Baƙin Layin Cikin Kwamfutar Wada

Kwamfutar sabuwa ce, ko ledar da ke manne a murfinta Wada bai ɓare ba ya rasu. A Kano ya sayo ta da damina, saboda aikin da ya ɗora wa kansa. Iyayensa na cikin waɗanda ruwan dam ɗin Tiga ya tasa daga ƙauyensu, shi kuma duk ranar da ba ya zuwa aiki sai ya hau babur ya bi tsofaffin Tiga gida-gida, yana ɗaukar muryarsu a waya. Su faɗi inda rijiya take, inda maƙabarta take, gonar wa ke iyaka da ta wa, duk abin da yanzu kifi ke yawo a kansa.

Tun satin farko kwamfutar ta fara nuna jan layi, wai ta kusa cika. Wada ya yi ta mita, ya ce mai shagon ya rantse masa rumbun ajiyarta babba ne. Matarsa Asibi ta ce ya mayar a duba. Ya ce sai an gama shuka. Aka gama shuka ya ce sai an yi albashi. Daga nan ciwon ciki ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba. Komai ya zauna a cikin wayar.

Ba tsofaffi kaɗai ke cikinta ba. Akwai bidiyon Wada a bakin ruwa, ya ɗora 'yarsu Humaira a wuya yana koya mata cewa "kifi". Akwai wanda ya ɗauki Asibi tana tuƙa tuwo yana tsokanarta, tana korarsa da muciya. Humaira ba ta gama iya magana ba, ba za ta tuna fuskar ubanta ba balle muryarsa. Asibi ta sa a ranta wayar ce za ta riƙa tuna wa yarinyar shi.

Tana cikin takaba aka raba gado. Malamin da ya yi rabon ya sa kwamfutar a kason Asibi da 'yarta, wayar kuma ta faɗa hannun Ghali, yayan Wada, mazaunin Yako. Ba ta yi musu ba. Ta aika dai a roƙe shi ya bar mata ita kwana biyu.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga shi a ƙofar gida. Bayan gaisuwa daga bayan labule ya ce wayar ya zo karɓa, malam ya ce ba a jinkirta hakkin gado. Ta sake roƙonsa. Ya ce ba zai ƙara ƙona mai daga Yako saboda waya ba, zai je kasuwar kifi, da la'asar zai biyo.

Ita ba halin fita. Ta aika aka kira maƙwabciyarta Laraba, malamar firamare, wadda ta ɗan iya taɓa kwamfuta. Laraba ta haɗa wayar da kwamfutar da igiya don ta juye abin da ke ciki, ta zaɓi komai, ta danna. Kwamfutar ta ƙi. Ta sake, ta sake ƙi. Ta leƙa ta ga abin da ke ciki na tafiyar da kwamfutar ne, ta ji tsoron gogewa. Wayar Laraba kuwa 'yar ƙarama ce, kira kawai take yi.

"Maman Humaira, ba za ta ɗauke duka ba," in ji Laraba. "Ko tsofaffin, ko bidiyoyinku. Bidiyo cin wuri gare shi. Zaɓi."

Asibi ta zauna a kan tabarma. Ta tuna yadda Wada ke dawowa buɗu-buɗu yana murna ya samu wata tsohuwa da ta san sunayen unguwanni. Da yawansu sun riga shi tafiya. A gadon asibiti ma abin da ya riƙa nanatawa ke nan, kada maganar mutanen nan ta ɓace. Bai ce mata komai a kan bidiyon bakin ruwa ba, don bai taɓa zaton sai an zaɓa ba.

Ta ce a sa tsofaffin. Suka shiga da ƙyar, layin ya yi ja har ƙarshe.

Da la'asar ta miƙa wayar ta ƙarƙashin labule. Ta ce, "Yaya Ghali, don Allah kada a goge. Idan na fita takaba zan nemi inda za a juye." Ya ce to, to, ba komai. Ba a jima ba labari ya zo mata cewa an kai wayar an wanke ta tas, uwargidansa ke riƙe da ita. Da aka yi masa magana cewa ya yi ba kyau ajiye hoton mamaci, yana tayar da hankalin masu rai.

Bayan ta fita takaba kwamfutar ta fara sanyin jiki, takan daɗe ba ta buɗe ba. Asibi ta naɗe ta a zani ta shiga mota zuwa Tudun Wada, wurin wani mai gyara da ake kira Musaddiq. Tana tsoron kada tsofaffin su ma su tafi.

Musaddiq yana cin gyaɗa yana danne-danne. Can ya yi 'yar dariya ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ya nuna mata wani ɗan guntun layi shuɗi, a gefensa kuma wani dogo baƙi da ya kusa cinye faɗin allon.

"Hajiya, ai wannan wayam take. Kin ga shuɗin nan, shi kaɗai kuke amfani da shi. Baƙin nan duk wuri ne, ba a yanka shi ba, shi ya sa ba ta ganinsa. Wasu masu sayarwa haka suke bari, mai kaya ya raba yadda yake so."

Ta tambaye shi ko wurin zai ɗauki abin da ke cikin waya guda. Ya ce waya guda? Wayoyin unguwa guda ma zai haɗiye. Ta tambaye shi tun yaushe yake nan. Ya ce tun ranar da aka sayo ta.

Bai ko ajiye ledar gyaɗar ba. Ya danna kan baƙin layin, ya bi wasu tambayoyi yana amsawa, layin ya koma shuɗi. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a lokacin da ya ɗauka. Ya ce saura suna, me za a rubuta wa sabon wurin, hotuna ko waƙoƙi?

"Ba ni da abin zubawa," in ji Asibi.

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya bar gurbin sunan yadda yake.

Yanzu da yamma, idan ta gama wanke-wanke, takan ɗora Humaira a cinya ta kunna tsofaffin. Wani dattijo ya yi ta jan labarin wata tsamiya da ke ƙarƙashin ruwa, yarinyar ta ƙosa tana mutsu-mutsu. Asibi ta riƙe ta gam, ta ce ta yi shiru, ya kusa. Sai dattijon ya tsaya yin tari, daga nesa da wayar wata murya ta ce, "To Baba, daga nan fa?"

"Shi ne wannan," Asibi kan ce. "Babanki ne."

Kafin Humaira ta juyo, dattijon ya ci gaba.