Wutsiyar Mongge

Da Baba ya rasu, Umma ta hau haikalin kan dutse ta yi bakance: ba za ta kashe mai rai ba har a gama kwanakin makoki, don hanyarsa ta yi sauƙi. Ni kuwa jakata na ɗaure a bayan ƙofa. Na samu aiki a wani jirgin ruwan dakon kaya a birnin Busan, an ce in zo ƙarshen mako.

Lokacin girbin mongge ne, abincin tekun da muke kiwo a jikin igiyoyi cikin ruwa, kuma ba ya jira; ruwa na yin ɗumi zai narke a igiya. Da safe muka fita a kwalekwalen Baba. Teku ya kwanta luf, tsibirai kamar suna shawagi a sama. Muka jawo igiya, ga su nan jajaye, cunkus, masu ƙuraje, suna tsartar da ruwa.

Umma ta bi igiyar tana tsince baƙi tana mayarwa teku. Ƙaguwa, mai sanye da ƙashinta a waje. Tauraron teku, hannu biyar babu kai. Tsutsa mai zobe-zobe. Dodon koɗi, tsoka zalla cikin ɗakinsa.

"Ku tafi, ku gaishe shi," in ji ta, tana nufin Baba. Sannan ta zaro wuƙa.

"Umma, mongge fa?"

"Wannan? Ba ido, ba jini, ga saiwa. Ai ɗan itace ne."

Na ci gaba da jan igiya. Bayan na bar makaranta na taɓa aikin wanke tankuna a gidan ƙyanƙyasar irin mongge. Can na leƙa madubin ƙara girma na ga jaririnsa: kamar talibambam, yana iyo, da wani siririn sanda a wutsiya irin wanda ke zama ƙashin baya a jikin kifi da mutum. Yawo kaɗan yake yi, sai ya kafa kai a igiya, ya shanye wutsiyar, shi ke nan. Na sha mafarkin su, dubbai, suna ratsa hasken ruwa suna neman inda za su tsaya.

"Gyu-tae, wannan shirun naka na munafunci ne," in ji Umma. "Faɗi."

Busan ta gifta mini a ido, da fitilunta. In na ce ɗan itace ne, ta girbe abinta, na tafi.

"Dabba ne, Umma. Ya ma fi ƙaguwa kusa da mu."

Na ba ta labarin wutsiyar. Ta daɗe tana kallon guda a tafin hannunta, yana numfasa ruwa a hankali.

"Ashe ɗan dangi muke ci da barkono," ta ce. "Kai da ko jarrabawa ba ka zauna ba, sai yau ka tashi da ilimi?"

Ta juya wuƙar, ta miƙo mini ƙotar.

"Ni na yi bakance, ba kai ba. Igiyoyin ubanka suna da yawa, yi sauri."

Na karɓa. Can nesa wani jirgi ya yi kuka, ya shige bayan tsibiri. Umma ta zauna a gindin kwalekwale, ta tsoma hannu a ruwa, tana leƙen ko za ta ga masu wutsiyar.