Agogon Motar Hudu

Wanda ya fara kai mota kilomita dubu ɗari biyar ba tare da an buɗe injinta ba, a tsakanin Anka da Gummi da Bukkuyum, shi ne marigayi Dabo direba, cikin watan Sha'aban na shekarar 1989. Ina cikin motar a ranar, domin ni tashar Anka ta aika shaida. Dattawan tashoshin uku sun tsayar da sharaɗi uku ga duk mai neman a rubuta sunansa ƙarƙashin na Dabo, a allon da ke rumfar tasharmu: kada a buɗe inji, kada wani hannu ya tuƙa motar tun daga ranar da aka shaida lambarta ta farko, kuma mutum uku, ɗaya daga kowace tasha, su ga cikar lambar da idonsu. Shekara talatin da shida allon nan yana ɗauke da suna ɗaya.

Hudu ne kaɗai ya kusa. A shekarar 2009 ya sayo motarsa mai shan dizal, 'yar Kwatano, agogonta na nuna dubu ɗari da sittin, muka shaida. Tun daga lokacin ban ga mutumin da ya riƙe mota kamar yadda ya riƙe ta ba. Ba ya zuba mata man da bai kwana a duro ba, sai ruwa da dauɗa sun kwanta, sa'an nan ya tace shi da farin ƙyalle. In ya dawo daga tafiya ba ya kashe ta nan take. Yakan bar inji yana numfashi har ya gama alwala. Duk kilomita dubu biyar yakan kai ta garejin Mu'azu bakanike a juye baƙin mai, a sauya matatar mai, Mu'azu ya rubuta lambar agogo ta ranar da farin fenti a cikin murfin inji. Motar nan ce ta yi ta kwaso yaran Dareta da Sunke zuwa asibitin Anka shekarar da gubar dalma ta auka musu. Kwana uku a mako take fita, ranakun kasuwa, kuma ba a taɓa jan ta da igiya ba.

Bana idon Hudu ya fara yana. Matarsa Zaliha ta tara 'yan uwa, ya yi alkawari a gabansu cewa ranar jajiberin Babbar Sallah zai ajiye tuƙi. Saura mako shida a lokacin, agogo kuma saura kaɗan ya cika, abin da tafiyar kasuwa ta saba cinyewa cikin mako biyar. Har mun yi magana da mai rubutun allo.

Sai dai motar ta yi nauyi. Tana tuttula baƙin hayaƙi in ta ɗauki kaya, tana shan mai fiye da da. Mu'azu ya wanke bakunan feshin mai, ya duba duk abin da ake dubawa daga waje, ya ce saura ƙwaƙwalwarta, wato ɗan akwatin da ke auna man da inji zai sha da lokacin da zai sha shi, kuma wannan ba aikin sufana ba ne. Hudu yana da ɗan ƙanwa, Nazir, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya koyo aikin a Kaduna ya buɗe shago a Gummi. Yakan jona kwamfuta da mota ya sake tsara awon nan.

Hudu bai tafi ba sai da ya zo wurina ya tambaya ko wannan yana cikin buɗe inji. Na kwana biyu ina dubawa. Dabo kansa yakan kai famfon mai a daidaita masa, ba a ƙirga shi buɗe inji ba. To abin da ko noti ɗaya ba za a kwance ba ya fi wancan sauƙi. Na halatta, na kuma bi shi Gummi don in ga aikin da idona. Ina faɗin wannan ne domin kada a ce na ɓoye rabona a cikin abin da ya biyo baya.

Zan yi wa Nazir adalci: ya san aikinsa. Ya ƙi ƙara wa motar ƙarfin da yake ƙara wa na samari, ya ce tsohon inji ne, kuma kulocinta ba zai ɗauka ba. Ya adana tsohon tsarin kafin ya taɓa kome. Ina tsaye a kansa ina kallon kwamfutar, ban gane ko layi ɗaya ba, har aka kira azahar. Ya ce mu je, zai same mu a sahu, saura kaɗan. Ya kuwa same mu.

Da muka fito Hudu ya ɗauke ni muka gwada ta a hanyar Ɗaki Takwas. Ta tashi kamar an sauke mata buhu goma, hayaƙin ya ɗauke. Hudu yana murmushi, ya sunkuya kusa da agogo, kamar yadda idonsa ya koya masa, don ya ga gudunta. Sai ya taka birki a tsakiyar hanya. Agogon da ya kamata ya nuna 497,640 yana nuna 148,200.

Ya juya motar muka koma shagon.

"Nazir, taho nan. Mi ne ne wanga?"

Nazir ya leƙo yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a. "Kyautata ce, Kawu. Na ji Inna na cewa bayan Sallah za ka aje tuƙi. In ka tashi saida ta, wa zai kalli mota mai wannan lambar? Kowa roƙona yake in yi mashi, kai ko ba ka ma tambaya ba."

Na daɗe a duniya, na ga ɓarnar maƙiya iri-iri, amma ban taɓa ganin an share wa mutum aikin shekara goma sha shida ana jiran ya yi godiya ba. Na tambaye shi ko bai san allon Dabo ba. Ya ce yana jin zancen, ya ɗauka hirar rumfa ce. Da ya ga kawunsa ya zauna a kan benci ya cire hula, sai ya nemi gyara abin da hanyar da ta fi ɓarnar muni.

"Baba, ai abin mai sauƙi ne. Yanzu in rubuta dubu ɗari biyar cif, ku shaida, a wuce wurin."

Na ce masa mu shaidun hanya ne, ba shaidun yatsunsa ba. Sai ya ce, cikin ladabi kuwa, wai shin mun san abin da aka yi wa agogon a Kwatano kafin motar ta iso hannunmu? Ban sani ba, kuma na gaya masa ban sani ba. Abin da na sani shi ne daga ranar da muka sa ido a kan lambar, kowace kilomita taya ce ta taka ta, har zuwa sallar azahar ta yau.

Bayan kwana biyu muka zauna a Bukkuyum, ni da dattijon Gummi da Alhaji Shafi'u na tashar Bukkuyum. Hudu ya faɗi lambarsa har ƙwayar ƙarshe, kuma babu wanda ya yi shakkarsa a cikinmu. Amma ba wanda ya gani. Nazir ya ce bai rubuta ta ba, tunda ba a saba neman tsohuwar lamba ba. Ni da na zauna kusa da agogon tun daga Anka, ban dube shi ba ko sau ɗaya; hankalina yana kan kwamfuta.

Alhaji Shafi'u ya nemi a karɓi maganar Hudu, ya ce mutumin da bai taɓa ƙara wa fasinja ko tsawon taku ɗaya a labari ba, ba zai fara yau ba. Na so in bi shi. Sai dai an taɓa yin irin wannan. A damanar 1986 wayar agogon Dabo ta tsinke, ya yi mako biyar yana tafiya kafin a samo wata daga Sakkwato. Dattawan lokacin ba su ƙirga masa ko kilomita ɗaya ba. Daga lambar da ido ya gani ta ƙarshe suka ci gaba, kuma Dabo bai yi gardama ba. In muka karɓi lambar baki yau don mai bakin amintacce ne, gobe wanda ba amintacce ba zai zo da kwamfuta a hammata, ya ce an yi wa Hudu. Lambar ƙarshe da kowa zai iya gani ita ce ta farin fentin Mu'azu: 493,000.

Hudu ya saurara har na gama, ya ce, "Abin da anka yi ma Dabo shi za a yi man."

A gabanmu Nazir ya mayar da agogon 493,000. Mu'azu ya rufe bakin da ake jona kwamfutar, ya shafe shi da fenti don a gane in an sake taɓawa. Kilomita dubu huɗu da ɗari shida da arba'in suka tafi a banza. Abin da ya rage wa Hudu ya tashi daga dubu biyu da 'yan kai ya koma dubu bakwai, kwanakin alkawari kuwa ba su ƙaru ba.

Ya koma fita kullum, in ban da Juma'a. Hanyarmu a halin da ake ciki ba a shigarta sai hantsi, kuma mai hankali yana cikin gari kafin la'asar ta yi sanyi, don haka sawu ɗaya ne a yini, zuwa da dawowa. Nazir, wanda abin ya dame shi ƙwarai, ya zo har Anka da shawara: a ɗage motar a kan jak, a sa giya, tayoyi su yi ta juyawa a tsaye. Hudu ya tambaye shi ko fasinjojin ma a kan jak za a ɗora su. Wasu suka ce ya yi ta zaga gari ba kowa a ciki. Ya ce Dabo bai taɓa ƙona mai don lamba ba.

Kwana biyu da fara fitar kullum ya kai motar gareji a juye baƙin mai. Mu'azu ya nuna masa agogo, ya ce ai da sauran nisa.

"Inji bai san hukuncin dattawa ba," in ji Hudu. "Shi tafiyar da ya yi ya sani."

Mu'azu ya juye, ya ɗauki burushi, ya tsaya yana tunanin wace lamba zai rubuta. Hudu ya ce ya rubuta ta agogo.

Na yi lissafi daga baya. Ranar da agogo ya nuna 495,360, a ranar motar ta cika dubu ɗari biyar na gaskiya. Wata Laraba ce, a kan hanyar dawowa daga Gummi, da mata huɗu a baya da wani Bafulatani da ragunansa biyu a but. Babu dattijo ko ɗaya a ciki. Hudu ya sani, domin ya tsaya gefen hanya ya yi raka'a biyu, fasinjoji suna gunagunin rana.

Ranar jajiberi ya shigo tasha bayan azahar, agogo na nuna 499,120. Saura ɗari takwas da tamanin, tafiyar kwana biyar ko shida. Zaliha da kanta ta zo rumfa da mayafinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaishe mu, ta ce a gabanta aka yi alkawari, kuma ta yafe mako ɗaya bayan Sallah. Na ji daɗi har na fara duba ranar da za mu taru.

Hudu ya gode mata, sa'an nan ya gaya mana abin da ya faru da safiyar. Kusa da Ɗaki Takwas garken shanu ya tsallaka hanya, bai gan su ba sai da mutumin da ke gefensa ya dafa sitiyari ya yi salati. Tsakaninsa da saniyar farko bai kai tsawon tabarma ba, makiyayin kuma yana bayanta.

"Mutum bakwai na ɗauko," ya ce. "Ba don sunana suka shigo ba."

Ya bar inji yana numfashi, ya ɗauki buta ya yi alwala a natse, sa'an nan ya kashe ta ya miƙa wa Zaliha makulli. Nazir yana tsaye can bakin rumfa tun safe. Na ga ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe.

Har yau in na wuce allon nan raina yakan ɓaci, kuma ba da Nazir kaɗai ba. Sana'ar da ta mai da tauye lamba abin kirki, har ɗa yake yi wa kawunsa don zumunci, ita ce ta cuci Hudu. Da ni, da na tsaya kallon abin da ban sani ba na bar abin da aka aike ni kallo.

Ga abin da aka samu: mota ta yi sauƙi, hayaƙi ya ɗauke, shan mai ya ragu, an kuma sami sharaɗi na huɗu, cewa duk motar da za a jona wa kwamfuta sai mutum biyu sun rubuta lambarta kafin a jona da bayan an cire. Ga abin da aka riƙe: inji bai taɓa buɗuwa ba, layuka sittin da tara na farin fenti suna nan cikin murfi, alkawarin jajiberi bai motsa ba, mutum bakwai sun yi Sallah a gidajensu. Allo yana nan da suna ɗaya, agogo kuma yana nan a 499,120.