Itacen da Malachy Ya Tara

"Kin buga musu waya?" Malachy ya tambaye ni tun ban ajiye kwanon romon ba.

"Na buga. Yarinyar ofis ta ce Dervla tana Dublin, majalisa na zama."

"Ai ranar Juma'a suke tashi," ya ce. "Gyara kujerar nan, ta karkace."

Na gyara. Kujerar marigayiya mahaifiyarsa ce, kuma tun da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa kwanansa a gida ya sa aka kawo ta gefen gado, ya hana kowa zama a kai. Ko Fada, limamin cocinmu, da ya zo yi masa addu'a, a bakin gado ya ɗosana. Dervla Cullinane yake jira, 'yar majalisa, wadda ya yi wa kakanta aiki, ya yi wa ubanta, ya yi mata.

Maƙwabcinmu Malachy Gilhooly bai taɓa aure ba. Mijina Fintan yakan ce ai da mazaɓa aka ɗaura masa. Kujeru uku tsohuwar mazaɓarmu take da su: ɗaya ta jam'iyyarsu, wadda gidan Cullinane suke gada kamar gona, ɗaya ta jam'iyyarmu, ta ukun kuwa ita ke hana maƙwabta gaisawa a ƙofar coci. Ranar zaɓe Malachy ne ke jigilar tsofaffi zuwa rumfa a motarsa, in kuma ɗan Cullinane ya ci, shi ke kunna wuta a kan tudun bayan gidansa, domin ayarin motoci su gani daga gada su san ƙauyenmu na maraba.

Sai matasa suka watse, wasu Ingila, wasu Amirka, makarantu suka rufe. Hukumar shata iyaka ta duba ta ga mun yi kaɗan, ta soke mazaɓar, ta mai da kogi iyaka. Ƙetaren can ya tafi da Dervla, mu kuwa aka liƙa mu da wata gunduma da ko kasuwarta ba ma ci. Itacen da Malachy ya riga ya tara domin zaɓen da ke tafe yana nan kan tudu, bai rushe tulin ba. Duk bazara sai ya ƙara masa reshe. Sabo turken wawa, na sha gaya masa haka a gaban idonsa.

Ranar Laraba na tasa Fintan a gaba ya je ya duba shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, domin rabonsa da ɗakin nan tun suna yage wa juna hotunan 'yan takara.

"Kai tsohon ɓarawon ƙuri'a, har yanzu kana nan?"

"Ina zan je in bar ka da mugun hali? Shigo. Ba wannan kujerar ba!"

Fintan ya zauna kan akwatin kaya. Ba a jima ba suka koma shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya, aka yi ta sake ƙirga ƙuri'u har kujera ta uku ta suɓuce mana.

"A tarakta na sauko da matan kan dutse," in ji Malachy, idonsa ya yi haske. "Ku kuna bakin murhu kuna gasa ƙafa."

"Har da na maƙabarta ka sauko da su. Gwaggon Tansey ta yi wata biyu a ƙasa, amma ta jefa muku ƙuri'a."

"Matattunmu sun fi rayayyunku sanin ya kamata." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ni ma in na tafi, a ajiye mini tawa."

"A wace mazaɓar?" Fintan ya ce.

Wasa ya nufa, amma ya taɓo inda ciwon yake. Na ji kamar in maƙure mijin nan nawa. Malachy ya juya kansa wajen taga, inda ake hango kogi.

"Za ta zo," ya ce. "In ba ta same ni ba, ta sami jana'iza. Ubanta bai taɓa rasa jana'iza a ƙauyen nan ba, ko ta wanda ya zage shi."

Gaskiya ya faɗa. A wajenmu ɗan siyasa yana iya rasa zaman majalisa, amma ba ya rasa makoki. Wanda ya bauta wa jam'iyya kuwa, mazanta kan jeru dama da hagu su raka motar gawarsa har maƙabarta. Wannan rakiyar ce kaɗai Malachy ya roƙa a duniya, kuma ina jin tsoron abin da na riga na sani: ƙuri'armu ba ta ƙetare kogi yanzu.

Juma'a ta zo ta wuce. Ranar Asabar da hantsi ina goge masa fuska ya ji ƙarar mota, ya ɗaga yatsa.

"Mai kai wasiƙu ne, Malachy."

"To, ɗora ruwan shayi dai, Attracta. Kofin mai bakin zinare."

Na tafi kicin na ɗora. Kafin ruwan ya tafasa ya cika, fuskarsa na kallon kujerar.

Mutane ba su cika benci huɗu na gaba a coci ba. Daga ofishin Dervla aka aiko da furanni, da sunanta bugagge a jiki. Wani saurayi mai sabuwar kwat, ɗan takara a sabuwar mazaɓarmu, ya bi layi yana miƙa hannu. Ya kama nawa da hannu biyu.

"Sannunku da rashi, Mama. Allah ya ji ƙan Michael."

"Malachy," na ce. Ya riga ya kai ga na gaba.

Babu wanda ya jeru a gefen motar gawa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Baƙin ciki ya hana ni kuka. Sai na ga Fintan, wanda bai taɓa ba su ƙuri'a ko a mafarki ba, ya fita daga cikin mutane ya je gefen dama na motar, yana jan ƙafarsa mai ciwo. Gefen hagu babu kowa har maƙabarta.

Da la'asar sakaliya na nemi Fintan a gida ban gan shi ba, galan ɗin kananzir ma babu. Na same shi a kan tudu, ya durƙusa gaban tulin yana fama da ashana.

"Kai ne za ka kunna wutar su Cullinane? Ubanka zai juya a kabari," na ce.

"Bar shi ya juya. Tare mini iskar nan."

Na tare da rigata. Itacen ya sha ruwan shekaru, hayaƙi ya fi wutar yawa, amma a hankali ta kama ta gefe ɗaya. Muka tsaya muna kallon gada. Can wata mota ta taho daga ƙetare, ta rage gudu kamar mai ita yana mamakin wa ya ci zaɓe, sannan ta wuce. Fintan ya sunkuya ya ƙara reshe.