Damtsen da Ba a Auna Ba

Masu awon yara sun shigo unguwarmu ina tsaka da wanki. Ba kowane gida suke shiga ba, sai su tsallake tara su ƙwanƙwasa na goma, kuma a kowane gida yaro ɗaya suke aunawa. Ƙidayar ta faɗo kan ƙofata.

Malamar da ke cikinsu ta zaro ɗan zaren awo mai launi uku, ta duba takarda, ta ce ƙaramin gidan za a auna wa damtse. Auta tana ɗaki a kwance, hannunta kamar sillen kara. Kunya ta kama ni, kada a rubuta cewa na kasa ciyar da 'yata. Na jawo yayarta mai kumatu na ce ita ce ƙarama. Zaren ya tsaya a kore, Malama ta yaba mini.

Da yamma a bakin famfo na ba matan unguwa labari, ana ta dariya. Mai kitso ta ce ita aron ɗan maƙwabta ma za ta yi, tunda nata duk ƙashi ne da kunne. Kwana uku masu awon suka yi suna zagayawa. Gida biyar na sani da suka bi dabarata.

Daga baya muka ji an kai ɗakin kula da yara masu rama can hayin gada, tafiyar mota biyu. Mu an ce ramar unguwarmu da sauƙi. Sau ɗaya na iya kai Auta. Wata huɗu ta ƙara a duniya.

Bayan shekara Malama ta dawo sabon awo, ta gane ni. Na shimfiɗa mata tabarma na gaya mata abin da na yi, na tambaye ta ko ni na hana a kawo mana ɗakin.

Ta ce yara ɗari biyu suka auna, sha shida suka fito da rama, wato takwas a cikin ɗari, su kuwa manya sai an kai goma a cikin ɗari suke buɗe ɗaki. Ta ce tunda ba duka yaran unguwa aka auna ba, lissafin yakan kauce da uku ko huɗu, sama ko ƙasa, ita ma ta rubuta musu haka ba su saurara ba.

"Yaya, yaro ɗaya ba ya juya wannan lissafi. Ki sauke wannan daga ranki."

"Nawa ne za su juya shi?"

Ta ƙirga da yatsu. "Huɗu."

Ta ci gaba da ba ni haƙuri, ban ji sauran ba. Na ce ta ajiye takardar tukuna. Na ɗauki mayafina na ce ta biyo ni, mu fara da gidan mai kitso, akwai na goye da ba a fitowa da shi tsakar gida.