Ranar Da Muka Aiki Baƙuwa

Abin ya fara ne a makon ƙarshe na watan Yunin bara, ranar da aka bugo mini waya daga jami'ar garinmu, Kaifeng, a ƙasar Sin, aka ce akwai wata ɗaliba Musulma da ke neman gidan da za ta zauna mako takwas tana koyon Sinanci. Sunanta Barira, daga Nijeriya, daga wani gari da ake kira Gusau. Ban bari mai maganar ta kai aya ba na ce a kawo ta.

Sunana Hai Shulan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makarantar sakandare kafin in yi ritaya, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa samun wanda na yi hirar minti goma da shi cikin harshen ba. Daga allo sai littafi. Saboda haka da na ajiye wayar sai na shiga shiri kamar mai tarbar amarya. Na sa mijina, Tie Guangren, ya sake fentin ɗakin 'yarmu da ta yi aure. Na sayi sabuwar tabarmar gora ta kan gado saboda zafi. Na kuma sauko da kofin shayi mai murfi da zanen fure shuɗi, wanda ba ya fitowa sai manyan baƙi sun zo.

"Malama Hai," in ji mijina daga kan tsani, "wai ɗaliba ce za ta zo ko gwamna?"

"Gefen tagar can bai ji fenti ba," na ce masa.

Surukata, wadda nake kira Inna, tana zaune a tsakar gida da maficinta tana kallonmu. Shekararta tamanin da uku.

Barira ta iso ranar Lahadi da hantsi, doguwa, mai fara'a, tana jan akwatin da ya kusa kai mata ƙugu. Tun daga bakin lungu ta yi sallama, sannan ta jero gaisuwar da ta haddato da Sinanci. Maƙwabciyarmu Yaya Sai, mai sayar da riɗi da gyaɗa, ta tafa hannu.

"Kai, ku ji Sinanci! Ai yarinyar nan ta fi jikokina iyawa!"

Barira ta yi dariya har da rufe fuska. Ni kuwa na karɓi jakarta na yi mata maraba da Turanci, jimla uku cur, waɗanda na kwana biyu ina gyara su a raina. Da ta amsa mini, na kuma fahimci kowace kalma, sai da na yi hamdala a ɓoye.

A wajen cin abincin rana ta gaya mana abin da ya kawo ta. A ƙarshen mako takwas za ta zauna gaban malamai uku su yi mata tambayoyi da baki na tsawon minti goma sha biyar. In ta ci, za a ba ta gurbin karatun gina gadoji na shekara huɗu. In ta faɗi, ta koma gida, shi ke nan. Ta ce akwai wani rafi da ke raba ƙauyen kakarta da asibiti duk damina, kuma tun tana ƙarama take jin haushin rafin nan.

"Za ki ci, in Allah ya yarda," na ce, na ɗora mata tsokar rago mafi taushi a kan taliyarta.

Mun riƙe ta yadda aka koya mana riƙon baƙo. Kujerar da ke fuskantar ƙofa tata ce. Kwanonta ba ya taɓa zama wayam. In ta miƙe za ta kwashe kwanuka sai in danna kafaɗarta ta zauna. In ta leƙo kicin sai in kore ta da yankan kankana. Ranar Asabar in kai ta ganin hasumiya da tafki, ina yi mata bayanin komai da Turanci, ina jin kalmomin da suka yi shekara da shekaru a kwance suna tashi ɗaya bayan ɗaya. In ta fara jimla da Sinanci ta yi tuntuɓe, sai in ƙarasa mata da sauri don kada ta ji kunya. A lungu kuwa duk wanda ta gaisar sai ya ɗaga mata babban yatsa. Ban taɓa jin daɗin bazara irin wannan ba.

A ƙarshen mako na huɗu aka yi musu gwajin tsakiya. Barira ta dawo da la'asar, ba ta yi sallamar nan tata mai ƙarfi ba. Ta ajiye takarda a kan tebur. Rubutunta ya fi na kowa a ajin, amma a magana ita ce ta biyu daga ƙarshe. Malaminta ya rubuta a ƙasa cewa in aka ci gaba a haka ba za ta tsallake ba.

"Goggo," ta ce mini da Turanci, "kowa a lungun nan yana cewa Sinancina ya yi kyau. To me ya sa malamina kaɗai ne ba ya ji?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Na gaya mata gaskiya, cewa haka ake faɗa wa baƙo, ko da "sannu" kaɗai ya iya. Ba ƙarya ake nufi ba, karramawa ce. Ba a gyara wa baƙo magana, kamar yadda ba a ba shi tsintsiya.

Ta ture kofin nan mai fure a hankali, ta shige ɗaki.

"Me ya faru?" in ji Inna.

Na fassara mata. Ta ajiye maficinta a cinya.

"Wata guda ke nan kuna ƙus-ƙus da yaren tsuntsaye a cikin gidana. Shulan, ke kika zo makaranta ko ita?"

"Inna, baƙuwa ce. Ina so ta sake."

"Ke dai kika sake. Malamarmu ta masallacin mata ta sha faɗa, baƙunci kwana uku ne. Kin mayar da shi talatin. Kin ɗora 'yar mutane a kan kanta kamar tangaran, kina share mata ƙura. Tangaran yana magana?"

Mijina ya yi tari ya fita duba babur ɗinsa, wanda ba abin da ya same shi. Ni kuwa maganar ta shige ni. Bayan sallar magariba na daɗe a kan darduma ina neman gafara, saboda na gane jin daɗin kaina na yi ta bi ina kiransa karamci.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya surukina, mijin Inna, ya cika shekara goma da rasuwa. A irin wannan rana muna soya wainar alkama da muke kira yoshiyan, a yi wa mamaci addu'a, a raba wa maƙwabta. Ba a taɓa ƙullun sai da alwala, kuma 'yan gida ne ke kai rabon, baƙo nasa ci ne kawai. Da hantsi Inna ta kunna turaren wuta, ta buga ƙofar Barira da sandarta.

"Ke yarinya! Kina da alwala?"

Barira ta fito tana kallona, tana jiran fassara. Na buɗe baki, Inna ta nuna ni da sanda.

"Kika yi mata yaren nan, ki tafi gidan 'yarki ki kwana."

Na rufe bakina. Inna ta maimaita tambayar da ƙarfi, tana shafa hannu da fuska. Barira ta gane, ta amsa, aka shigar da ita kicin a karon farko. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Inna ta ce ƙullunta ya yi kauri kamar tafin takalmi. Ta ce ta murza, ba dambe aka ce ta yi ba. Ta sa ta faɗi sunan gari, da mai, da kasko, da wuta, kowanne sai ta maimaita har ya zauna. Da Barira ta kai waina baki za ta gatsa, Inna ta buge mata hannu, ta nuna mata yadda ake yi, a yi bisimilla a yaga da yatsu. Gumi yana zuba daga fuskar yarinyar, amma idonta yana ƙyalli irin wanda ban gani ba tun ranar da ta zo.

Bayan an sauko daga masallaci an yi addu'a, Inna ta jera waina a babban tire, ta rufe da farin ƙyalle, ta miƙa wa Barira.

"Gida goma sha ɗaya. Ki yi sallama, ki ce daga gidan Tie, sadakar tsoho ce, shekara goma. Kar ki dawo mini da ko guda."

"Inna," na ce a hankali, "me mutane za su ce? Mun aiki baƙuwa?"

"Su ce. Bakinsu ne."

Barira ta ɗora tiren a ka, ba ko riƙewa, ta fita. Ban iya zama ba. Na bi ta a baya na laɓe a kusurwar bango kusa da shagon Yaya Sai, ni da na yi shekara talatin ina hukunta yara masu laɓe.

"Innalillahi!" na ji Yaya Sai ta ce. "Malama Hai ta zare ne? Baƙuwa da tire?"

Barira ta haɗo kalmominta ɗaya bayan ɗaya. "Iya Sai, Kaka ta ce, ni ba baƙuwa ba ce."

Sai Yaya Sai ta kece da dariya.

"Tsohuwar ce ta faɗa? To madalla. In haka ne sake faɗo saƙon naki, don abin da kika faɗa ɗazu ko kaza ba za ta gane ba."

"Amma Iya, kin ce na fi jikokinki."

"Jikokina wata tara ne da su, 'yan biyu. Sake faɗa!"

Sau huɗu ta sa ta maimaita. Daga nan ta shiga tambayoyin da ba a yi wa baƙo. Shekararki nawa? Ina mijin? Mace da gina gada, wa zai dafa wa mijin abinci? Me ya sa kika rame, Malama Hai ba ta ba ki abinci ne? Barira tana amsawa tana tuntuɓe, Yaya Sai tana ɗaga ta tana sake tura ta. Kafin ta kai gida na uku labari ya riga ta, mata sun fito bakin ƙofa suna jira. Na koma gida ina dariya ni kaɗai.

Sai bayan la'asar ta dawo, tire wayam, tana haki.

"Goggo! Kaka!" ta ƙwala da Sinanci tun daga zaure. "Gida bakwai sun ce ba su ji me na ce ba! Wani tsoho ya ce ina magana kamar rediyon da ruwa ya shiga!"

Faɗa take kamar wadda aka ba kyautar doki.

"Ya yi miki adalci," in ji Inna. "Je ki wanke kaskon."

Makonni ukun da suka rage gidanmu ya zama kasuwa. Kofi mai fure ya koma saman kabad, aka ba ta na roba irin namu. Ita ke sayo ganye da safe, ita ke kai wa mijina shayi yana yi mata gardama a kan ƙwallo, ita ke raka Inna masallacin mata, inda tsofaffi shida ke gyara mata magana lokaci guda, kowacce tana cewa sauran ba su iya ba. Akwai ranar da ta dawo da idanu jawur saboda mai kifi ya kwaikwayi muryarta a gaban mutane. Na so in rarrashe ta da Turanci, kalmomin har sun zo bakina, na haɗiye su. Washegari ta koma wurinsa ta ce masa kifinsa ya fi shi fara'a, 'yan kasuwa suka yi ta shewa. Ba zan ɓoye ba, na yi kewar hirarmu ta da. Amma na riƙe harshena kamar mai azumi.

Ranar jarrabawa aka tashi da ruwan sama. Na kasa karatu, na kasa ɗinki, sai carbi nake ja ina leƙen lungu. Wajen azahar Barira ta faɗo gida a jiƙe, lemarta a naɗe a hannu don ta manta ta buɗe.

"Sun yi dariya, Goggo! Su ukun duka!"

"Dariyar me?"

"Sun ce in ba su labarin wata al'ada da na gani. Na fara labarin waina, ban tsaya ba har babban malamin ya ɗaga hannu. Ya ce, ''Yar nan, wa ya koya miki magana kamar tsohuwar Kaifeng?' Na ce kakata ce."

"Wa yake kira tsohuwa?" in ji Inna.

Washegari da safe aka kafe sunaye. Nata ne na huɗu cikin tara da aka ɗauka. Mijina ya zagaya lungu a kan babur yana ta danna ham kamar ana biki, Yaya Sai ta aiko da gyaɗa tana cewa ita ta koyar da ita. Ni na shiga ɗaki na yi sujada, sannan na fito na rungume ta. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce har yanzu ƙullunta yana da kauri, ta kuma juya fuska tana share ido da gefen mayafi.

Barira ta je gida ganin iyayenta ta dawo a watan Satumba. Tana kwana a jami'a, amma duk Juma'a a gidanmu take cin abinci, ta kuma wanke kwanuka. In mun gama sai ta ba ni rabin awa na Turanci, a bakin ƙofa, inda Inna ba ta ji.

Makon jiya aka sake bugo mini waya daga jami'a, ana tambaya ko zan karɓi wata ɗalibar a bazarar bana. Na ce a kawo ta. Kwana uku za ta sha shayi a kofi mai fure, a na huɗu ta shiga kicin.