Malam Shine

Mai adaidaita sahun bai gama tsayawa ba Hajiya Ladidi ta zuro ƙafarta waje. Tun daga Ɗorayi take masa faɗan ya taka, shi kuwa yana cewa, "Haba Hajiya, sai ka ce jirgin Makka zai tashi ya bar ku!" Ta sauka a ƙofar sabon ɗakin karatu na Sharaɗa, wanda ma'aikatan kamfanonin yankin suka haɗa hannu suka gina. Yau bayan Azahar za a buɗe shi, ranar da Ƙungiyar Neman Sani take cika shekara hamsin. Ko kari ba ta tsaya yi ba, don an ce mata an rubuta sunayen mutum taran da suka kafa ƙungiyar a jikin bango, ita kuwa so take ta gani da idonta kafin jama'a su cika wurin.

Su taran nan ba wasu manyan malamai ba ne. Leburorin masaƙa ne daga Bompai, da 'yan majema daga Challawa, da direba guda, sai ita mai sayar da shinkafa da wake a bakin get. Duk Lahadi sukan taru a zaurenta, kowa ya kawo abin da ya gano cikin mako, a yi ta musu har shayi ya huce. Daga musun nan aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, aka shuka layin darbejiyar da masu rake suke fakewa a ƙarƙashinta yanzu ba su san wanda ya wahala ba. Bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Saura ita da Baffa Salisu, sakataren ƙungiyar, wanda tuni ya zo ya harɗe a kan farar kujerar roba yana ba masu kafa rumfa umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

"Sakatare, an tashi lafiya?"

"Wa nake ji kamar Ladidi? Ke ce da sammako haka? Zo ki karanta mini, idon nan nawa sai hazo."

Abdulbaƙi mai fenti yana tsaye a kan benci yana gyara wutsiyar harafin ƙarshe. Hajiya ta gyara gilashinta, ta bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne tana masa addu'a. Ta ga nata a lamba tara, ta yi murmushi. Sai ta koma lamba bakwai, ta cire gilashin, ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar.

"Malam mai fenti, wane ne Malam Shine?"

"Oho, Hajiya. Abin da aka ba ni a takarda na rubuta."

Aka kira Nafisa, malamar jami'ar da ta yi wata shida tana tattara tarihin ƙungiyar. Ta zo da fara'arta, ta durƙusa ta gaishe su. Yarinya ce mai hankali da ƙoƙari, sai dai tashin gidan 'yan boko ce, irin waɗanda suke kwaɗa wa miji kira da sunansa a tsakiyar kasuwa ko gezau.

"Hajiya, ai daga bakinku na ji. Gara ta cinye littafin ƙungiya, hotonku na ku tara kaɗai ya rage, ku kuka faɗa mini sunayen. Bari ku ji."

Ta kunna wayarta. Muryar Hajiya ta fito tana jero mutanen hoton, har aka zo kan na bakwai. Aka ji Nafisa tana cewa, "Wannan mai riƙe da kwalba fa?" Sai muryar Hajiya ta yi ƙasa: "Wannan? Malam... shi ne."

Baffa Salisu ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Abdulbaƙi ya dafa bango don kada ya rikito daga benci.

"'Yar nan, mijinta ne!" in ji Baffa yana share hawaye. "Mai gidanta ne! Cewa ta yi shi ne, ke kuwa kika raɗa masa suna ba rago!"

Nafisa ta rufe baki da hannu biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hajiya ma ta yi dariyar, don abin da ban dariya, amma can cikin ranta wani abu ya soke ta. A cikin su tara ba wanda ya kai shi wahala. Shi ne ya lura ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ke bayan majemu ya canza ɗanɗano. Ya riƙa ɗebo shi a kwalabe, ya saka 'yan kifaye a ciki, ya zauna da agogo yana duba awa nawa za su yi kafin su juya ciki sama. Mutane suka ce Ɗan Maradi, kamar yadda ake kiransa, ya zare. Shekara biyu yana zarya da kwalaben nan a bayan keke daga ofis zuwa ofis, masinjoji suna korarsa, har ranar da aka ja famfo zuwa ƙauyuka uku. Bai sha ruwan ya kai shekara ba zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Allah bai ba su haihuwa ba, danginsa kuma suna can ƙetaren iyaka, zumunci ya yanke tun tuni. In sunansa bai hau bangon nan ba, babu inda zai sake hawa.

"To ai da sauƙi," in ji Abdulbaƙi. "A faɗa mini na gaskiyar in shafe wannan. Amma a hanzarta, sai farin ya bushe kafin in hau da baƙi, ga shi har goma ta wuce."

Duk suka juya ga Baffa.

"Kada ku dube ni. Wallahi tun ranar da ya sauka a Challawa da ɗan ƙunshinsa, Ɗan Maradi muke ce masa. Sunan yankansa na cikin littafin da gara ta yi walima da shi."

"To a sa Ɗan Maradi mana," in ji mai fenti.

"'Yan Maradi nawa ne a Kano?" Hajiya ta tare shi. "Mai shayin can ma Ɗan Maradi ne. Kowa da sunansa da na ubansa, sai shi za a bari da laƙabi kamar wanda aka tsinta?"

Nafisa ta matso, ta rage murya. "Hajiya, ku raɗa mini a kunne. Ba wanda zai ji."

Hajiya ta sunkuya, ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya cak. Shekara goma sha biyu na aure da arba'in da ɗaya na rashi, harshenta bai taɓa ɗaukarsa ba, yau kuma ya ce bai san zancen ba. Ta ɗago tana dariya, ido ya kawo ruwa.

"Ya ƙi fita, 'yar nan."

"Bari in riƙa jerowa, in na faɗo a kansa ku gyaɗa kai," in ji Abdulbaƙi. "Nura? Abubakar? Mubarak?"

"Kai, rufa mini baki! Sai ka ce ana cigiyar akuya."

Ta ja kujera ta zauna tana kallon farin fentin da Abdulbaƙi ya shafe Malam Shine da shi yana bushewa. Motocin kamfani suna wucewa da buhunan kaya, masu rumfa sun fara jera kujeru, mai lasifika yana ta "gwaji, gwaji". Haushin kanta ya kama ta. Ita da ta koya wa mata sama da ɗari biyu karatu a tsakar gidanta, ita da ta taɓa tsayawa gaban manajan masaƙa ta karanta masa takardar koke ba ta yi in'ina ba, yau kalma biyu sun kayar da ita.

Baffa ya karkato. "Ladidi, wai da kike ajinsa na yaƙi da jahilci, da yaya kike amsa tambaya? Na san dai ba kya haɗa ido da shi."

"A allo nake rubutawa in tura masa."

Tana faɗa sai abin ya faɗo mata a rai. Ta tuna ranar da ya gama koya mata baƙaƙe, ya ce ta rubuta sunan duk wanda ke gidan. Ta rubuta nata, ta rubuta na kyanwarsu, ta ajiye alli. Ya yi ta dariya yana cewa, "Ladidi, baki ne ke da kunya, alli ba ruwansa." Ranar ba ta yarda ba.

"Malam mai fenti, kana da alli?"

Ya zaro guntun shuɗin alli daga bayan kunne. Aka kawo mata benci mai faɗi, Nafisa ta riƙe ta ta hau, tana cewa a bi a hankali. Baƙaƙen suka fito manya, masu kusurwa, irin rubutun 'yan yaƙi da jahilci. Ta gama ta sauko, ta juya wa bangon baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar amaryar jiya.

"Ba zan gyara ko ɗigo ba," in ji Abdulbaƙi. "A kan hannunku zan bi da fenti."

"Me ta rubuta? Ku faɗa mini mana!" in ji Baffa.

Nafisa ta raɗa masa. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

"La ilaha illallahu! Ashe takwarana ne! Ladidi, shekara hamsin kina ce mini Sakatare, Sakatare, ina ta hura hanci wai girman muƙamina kike gani!"

"Wane muƙami? Sakataren da gara ta cinye wa littafi?"

Bayan Azahar wuri ya cika maƙil. Ga 'yan kamfani da rigunan aiki waɗanda suka roƙi awa guda, ga tsofaffin ɗalibanta da jikokinsu, ga mota guda ta mutanen ƙauyukan Challawa. Aka yi addu'a, aka yi jawabai masu tsawo kamar yadda aka saba. Sannan Nafisa ta karɓi lasifika ta fara karanta sunayen, kowanne jama'a na amsawa da Allah ya jiƙansa.

"Na bakwai, Malam Salisu Muntari Maradi, wanda ya kawo ruwan famfo."

Mutanen Challawa suka ɗauki kabbara. Hajiya Ladidi ta ji sunan ya ratsa ta tun daga ka har tafin ƙafa. Ta sha jin ana kiran masu irinsa a titi, amma rabon da a kira shi ana nufin nata, tun ranar jana'iza. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Nafisa ta ja numfashi za ta wuce na takwas, sai ta ga hannu ya ɗaga a sahun gaba.

"'Yar nan," in ji Hajiya, wadda duk Ɗorayi an san tana jin raɗar maƙwabta ta bayan katanga, "lasifikar nan taku ba ta da kyau. Ban ji na bakwai ɗin ba. Maimaita."